Ɗan Wa Ne, Na Gida Ko Na Malama?

Ya kai mai karatu, ko kai uba ne, ko ke uwa ce, ko kaka mai jika a gindinta, ga wata tambaya da nake so mu zauna a kanta tare. Ranar da aka kama hannun yaro ɗan shekara huɗu ko biyar, aka kai shi ƙofar ajin ƙananan yara, wanda mutanen birni ke ce wa jardan, aka miƙa shi ga malama, me aka miƙa mata? Yaron ne dungum, ko kuwa wani rabo ne daga cikin aikin renonsa? In ya tashi da hali nagari, wa za a yi wa barka? In kuwa ya lalace, a ƙofar wa za a yi sallama?

Dā ba mu da wannan damuwa, gama sai yaro ya kai shekara bakwai ake maganar lakwal. Yanzu kuwa irin waɗannan azuzuwa sun fito daga Yamai da Maraɗi da Damagaram suna shiga karkara, har wasu ikilisiyoyi suna tara ƙanana a rumfa da safe. Sai ka ji uba yana cewa, "Na kai shi, na biya, sauran kuma aikin madam ne." Ka kuma ji wata malama tana cewa, "Abin da na gyara da safe, iyaye su ɓata shi da yamma." Kowannensu yana magana kamar yaron gona ce da aka yi wa iyaka a tsakiya. Amma yaro ba ya rabuwa biyu. Da cikin da ya kwana da shi a gida yake zuwa aji, da kuma maganar da ya ji a aji yake komawa gida.

Ba da yaro ga wani ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun san yaye, inda ake ɗauke yaro a kai shi ɗakin kaka har ya manta da nono. Mun san riƙo, inda gwaggo ko kawu ke ɗaukar ɗan ɗan'uwa ya girma a hannunsu. Mai riƙon kirki kuwa ta san abu biyu: za ta kula da yaron kamar ita ta haife shi, kuma ba za ta manta cewa yana da masu shi ba. Wannan shi ne amana. Sai dai akwai bambanci. Gwaggo ta san gidan da yaron ya fito, harshensu ɗaya, tuwonsu ɗaya, ta san ciwon da ya yi da daminar bara. Malama kuwa sau da yawa baƙuwa ce da aka turo daga wani gari, ta koyi aikinta cikin Faransanci, watakila ma ba ta taɓa shiga gidanku ba. An ba ta amana, ba a gaya mata ko ta mece ce ba.

INDA AIKIN YA SAMO ASALI

Mutane da yawa suna tsammani koyar da ƙananan yara dabara ce da gwamnatoci suka ƙago domin su karɓe yara daga hannun iyaye tun da wuri. Tarihin abin bai nuna haka ba. Bari mu duba waɗanda suka kafa harsashinsa a ƙasashen Turai.

Akwai wani shugaban ikilisiya, Yohanna Komeniyus, wanda aka haifa a 1592 a ƙasar da yau ake kira Cek. Wajen 1632 ya rubuta ɗan littafi a kan shekaru shida na farkon ran yaro, ya kira waɗannan shekaru makarantar uwa. A ganinsa, yaron da ya san ruwa da wuta da iska, ya san sunan gaɓoɓin jikinsa, ya san rana da wata, ya iya ƙirga yatsunsa, ya riga ya sa ƙafa a bakin kowane ilimi. Makarantar nan ba ta da gini, malamarta kuma ita ce mahaifiya.

Wanda labarinsa ya fi kama da zamanmu shi ne Fasto Obalan na ƙasar Faransa. A 1767 ya kama aiki a wani ƙauye mai suna Waldasbak, cikin duwatsun gabashin ƙasar, wurin sanyi da talauci. Iyaye suna fita aikin gona da itace, ƙananan yara suna yawo a gari ba mai lura da su. A 1769 ya iske wata budurwa 'yar ƙauye, Saratu Banze, tana tara yara a ɗaki tana koya musu saƙa, tana kuma yi musu hira. Ba wanda ya sa ta. Sai faston ya ga ashe ga maganin abin da ke damunsa. Ya nemi yardar mahaifinta, ya yanka mata albashi, ya kama ɗakuna masu murhu a ƙauyukan da ke ƙarƙashinsa, ya sa 'yan mata irinta suna riƙe yaran. Suna saƙa, suna waƙa, suna kallon hotuna, in sanyi ya sauka su fita daji su tsinko ganyaye su koyi sunayensu. Ka lura, ya ɗan'uwa, malaman farko na wannan aiki 'ya'yan ƙauyen ne, kowa ya san iyayensu, su ma sun san kowane gida. Amma kada in rufe maka wani gefe. Mutanen duwatsun suna da nasu yare, faston kuwa ya so yaran su bar shi su kama Faransanci. A nan ban bi shi ba, zan kuma dawo ga dalilina.

A Jamus kuma aka yi Firobel, ɗan fasto, wanda aka haifa a 1782. Uwarsa ta rasu tun bai cika shekara ɗaya ba, ya tashi cikin kaɗaici. A 1840 ya raɗa wa makarantarsa ta garin Bilankenbag suna lambun yara, watau yaro kamar shuka yake, malami kuwa mai ban ruwa. Daga wannan suna ne jardan ɗinmu ya fito, gama jardan a Faransanci lambu ne. Ya ba yara ƙwallayen zare masu launi da 'yan gutsattsarin katako su yi gini, ya ba kowa ɗan fili ya yi shuka, ya kuma horar da mata su yi aikin a zamanin da koyarwa ta maza ce. A 1844 ya buga littafin waƙoƙi da wasannin yatsu, domin uwaye ne kuwa ya buga shi, su yi da jariransu a gida. Mutumin da bai san cinyar uwa ba, shi ne ya ƙare ransa yana roƙon uwaye su yi wasa da 'ya'yansu.

A Faransa, ƙasar da muka gaji tsarin lakwal daga gare ta, a 1881 hukuma ta sa wa makarantun ƙanana sunan da ma'anarsa ita ce makaranta irin ta uwa. Sunan kansa wa'azi ne ga mai aikin.

Sai wata likita 'yar Italiya, Mariya Montesori. Ran 6 ga Janairu 1907 ta buɗe gidan yara a San Loranzo, unguwar matalauta a birnin Roma. Masu gidajen haya ne suka nemi a tara yaran, domin suna ɓata musu bango in iyaye sun tafi aiki. Cikin dokokin gidan akwai biyu da ya kamata kowace malama ta sani. Ta fari, malama za ta zauna cikin ginin da iyayen suke, ta zama maƙwabciyarsu. Ta biyu, kowace uwa za ta zo sau ɗaya a mako ta gaya wa malama yadda yaron yake a gida, ta kuma ji shawara. Akwai wata dokar da ta ce a kori yaron da ya zo da dauɗa. Wannan kam ta yi mini tsanani, gama laifin babba ne aka ɗora wa ƙarami, a garin da ake sayen ruwa kuma dauɗa ba kullum take nuna sakaci ba.

ABIN DA AKA GWADA AKA GANI

Watakila ka ce waɗannan duka ra'ayoyin mutanen dā ne. To, ga abin da aka auna. A 1986 da 1987, a Kinston, babban birnin tsibirin Jamaika, wata likita mai suna Sali Girantam-Magirega da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 na gidajen matalauta, masu wata 9 zuwa 24, waɗanda rashin abinci ya tsumburar da su. Aka raba su kashi huɗu. Wasu aka riƙa ba su madara kowane mako. Wasu aka riƙa aika musu ma'aikaciyar lafiya ta unguwa, ta zauna awa ɗaya a mako da uwa da yaro, har shekara biyu. Wasu suka sami duka biyun, kashi na huɗu kuma aka bar su da duban likita kaɗai.

Me ma'aikaciyar take yi in ta zo? Takan kawo abin wasa da aka haɗa da tarkacen gida, irin su gwangwani da murfin kwalba da tsumma, ta nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da yaron, ta riƙa faɗa masa sunan abin da ya taɓa, ta yabe shi in ya yi daidai. Ta bar abin wasan a gidan sai mako ya zagayo. Shi ke nan.

Bayan shekara 20 aka bi sawun yaran, sun zama samari da 'yan mata. Aka iske waɗanda aka ziyarci gidajensu suna samun kuɗin aiki fiye da waɗanda ba a yi musu wannan ziyara ba da wajen 25 cikin 100, sun kuwa kamo tsararrakinsu da ba su tsumbure ba. Amfanin madarar ya bayyana da fari, amma bai daɗe haka ba. Kada wani ya ce dattijo ya ce abinci ba kome ba ne. Yaro mai yunwa ba ya wasa, balle koyo. Abin da nake so ka riƙe shi ne lissafin nan: mako yana da awa 168, baƙuwar ta zo awa ɗaya. Sauran 167 ɗin a hannun wa yaron yake? Abin da ya canja ran yaran nan, uwayensu ne suka yi shi, baƙuwar ta nuna hanya ne kawai.

KE UWA, KAI UBA

Na san abin da za ki ce: "Ni ban yi lakwal ba, me zan koya masa?" Ki dubi yininki. Kina tsince wake, ya zauna kusa da ke ya ware fari da ja, wannan shi ne farkon lissafi. Kina daka, yana jin lugude yana tafi, wannan farkon waƙa ne. Kin aike shi ya ɗauko ƙaramar ƙwarya ya bar babbar, ya koyi awo. Da dare kaka ta ce ga ta nan ga ta nanku, ya bi Gizo da Ƙoƙi daga farkon labari har ƙarshe, ya koyi riƙe zance a ka, abin da karatu duka ke tsaye a kai. Shanun laka da motar kara da 'yar tsana ta ƙashi, ba su gaza katakon Firobel da kome ba. Abu ɗaya ne yakan ɓace, shi ne magana. Yaro yana goye a baya tun safe har azahar, an ba shi nono, an share masa hanci, amma ba wanda ya dube shi ido da ido ya ce masa ga akuya, ga wuta, ga babanka ya dawo.

A nan sai mu taɓa wani abu mai nauyi, watau kunyar ɗan fari. Al'adarmu ta hana uwa ta kira sunan ɗanta na fari, ta hana ta yi masa wasa a gaban mutane. Ban ce a zubar da kunya ba, gama tana da kyaunta. Amma ka tuna, waɗanda suka kafa al'adar sun kafa ta cikin babban gida, inda kaka da gwaggo da matan 'yan'uwa suke rige-rigen ɗaukar yaron, suna yi masa kirari, suna zolayarsa. Uwa ta yi shiru domin akwai bakuna goma da ke magana a madadinta. Yau saurayi yakan ɗauki amaryarsa su koma wani gari su biyu kaɗai. In ta riƙe kunyar nan yadda kakarta ta riƙe, ba kuwa kaka a kusa, wa zai yi wa yaron magana? Salula? Na ga ana miƙa wa ɗan shekara biyu ita domin ya yi shiru, yakan kuwa yi shirun. Salula tana magana, amma ba ta jiran amsarsa, ba ta kuma san ya yi murmushi ba.

Kai kuma maigida, kada ka ce wannan zancen mata ne. Ɗanka ɗan shekara uku yana binka zuwa turke yana tambaya, me ya sa, me ya sa. In ka ce masa ya cika surutu, ka rufe ƙofar da malama za ta yi shekara tana ƙoƙarin buɗewa. Amsa masa, ko da kalma biyar ce. Ka kuma je ka ga ajin da idonka. Mutum ba ya ba da tunkiyarsa kiwo sai ya san makiyayin, yakan ma bi sawu ya ga inda ake kai ta. Yaya za ka ba da ɗanka ga wadda ba ka san ko sunanta ba?

KE MALAMA

Wannan takarda za ta faɗa hannun wasu da ke riƙe ƙanana, ko a jardan ko a makarantar Lahadi. 'Yata, aikinki ba ƙarami ba ne, ko da albashinsa ƙarami ne, ko da mutane suna cewa raino kawai kike yi. Kin san abubuwan da uwa ba ta sani ba, gama kin ga yara talatin masu shekara ɗaya a jere, ita kuwa nata kaɗai ta gani. Ke za ki fara lura cewa wannan yana kai abu dab da idonsa kafin ya gane shi, wancan kuma har yanzu bai haɗa kalma uku ba alhali tsararrakinsa suna ba da labari.

Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ga yaro a ajinki, kin kira shi sau uku bai waiwayo ba, kin ce taurin kai ne. Uwarsa ta san ya yi sanƙarau da bazarar da ta wuce, sanƙarau kuwa yakan tafi da ji. Ga yarinya tana gyangyaɗi kullum, kin ce ragwanci ne. A gidansu an san rumbu ya ƙare tun kafin shuka, da ruwan fura kaɗai take fitowa. In ba ki tambaya ba, za ki hori yaro a kan ciwonsa.

Akwai zunubin da mai ilimi yakan faɗa ciki ba tare da ya ji ya yi kome ba, shi ne ya sa yaro ya raina gidansu. Kalma ɗaya ta isa. "Haka ake yi a gidanku?" Yaron ba zai amsa ba, amma ya ji, zai kuma koma ya dubi uwarsa da wani ido. Dalilin da ya sa na rabu da Fasto Obalan a kan maganar yare ke nan. Yaron da aka nuna wa cewa harshen da uwarsa ke yi masa addu'a da shi ba ya shiga aji, an koya masa cewa ilimi da uwarsa ba sa zama wuri ɗaya. A ƙasar nan an buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, a 2025 kuma dokar ƙasa ta kira Hausa harshen ƙasa. Faransanci yana da amfani, yaro zai koye shi, zai ma fi saurin kama shi in ya riga ya iya tunani da ba da labari cikin nasa. In kuwa akwai ɗan Fulani ko ɗan Buzaye a ajinki, ki koyi ko gaisuwa ce da harshensu, ki yi masa ita a gaban sauran.

IN AN SAƁA FA?

Ba kullum gida ke da gaskiya ba. Wata rana yaro zai zo da shatar bulala a baya wadda ta wuce horo, ko ƙunar da aka ɓoye, ko a ce za a cire yarinya daga aji domin ta yi tallan goro. Shin girmama iyaye ya ce malama ta kau da kai? A'a. Amanar da aka ba ta domin yaron aka ba ta, shi ne kuma ba shi da bakin kare kansa. Sai dai akwai hanyar faɗa. Kada ta aika da saƙo a bakin yaron, kada kuma ta tsare uwar a bakin rijiya gaban mata. Ta je gida. In maganar ta fi ƙarfinta, ta tafi da wata dattijuwa da gidan ke jin nauyinta, ko ta gaya wa fasto ko mai gari. In ran yaron yana cikin hatsari, a kai shi likita a ranar, ko an so ko ba a so ba.

Haka nan in malama ce ta yi laifi, ta zagi yaro ko ta doke shi a kan abin da bai kai ba, kai uba kada ka zage ta a gaban ɗanka, gama gobe a gabanta zai zauna. Ka same ta bayan an tashi, ka fara jin nata bakin. In abin ya sake faruwa, sai ka kai ga shugaban makaranta tare da wani uban.

Yawancin irin wannan rigima ba ta tasowa inda aka riga aka san juna. Saboda haka ziyarar farko a yi ta tun ba abin da ya faru, cikin watan da aka buɗe aji. Malama ta zo da la'asar, sa'ad da an dawo daga gona ba a kuwa ɗora tukunyar dare ba. Ta yi sallama, ta gaida maigida a zaure, ta shiga ciki. Ke uwa ki shimfiɗa mata tabarma ki kawo ruwa, kada ki ji kunyar ɗakinki. Ki gaya mata sunan da ake kiran yaron da shi a gida, da abin da yake tsoro, da ciwon da ya taɓa yi, da wanda ya fi shaƙuwa da shi. Ita kuma ta gaya miki abu ɗaya mai kyau da ta gani a wurinsa cikin makon nan, ta faɗe shi da ƙarfi yadda zai ji daga bayan ƙofa inda ya laɓe. In akwai yara talatin a ajin, gida biyu a mako, cikin mako 15 ta gama zagaya su duka.